Babban Ƙahon Layin Baya

Zuwa ga ɗana Nafi'u,

Assalamu alaikum. Damina shida ke nan rabona da gida, tun ranar da ka raka ni bakin titin Tsanyawa kana rungume da jakata, kanka ko kafaɗata bai kai ba. Yanzu Innarka ta ce sai ka sunkuya kake shiga ɗakinta. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, kai da ita da ƙannenka. Allah Ya tsare ku, Ya sa albarka a abin da kuka shuka. Ni ma ina nan ƙalau, in ban da gwiwa da baya, su kuwa sun daɗe da zama 'yan gida.

Na zaɓi in rubuto maka ne don na san halina a waya. Kafin in kai ga abin da nake nufi na fara faɗa, kafin in gama faɗan kati ya ƙare. A takarda ko ba komai ina iya soke abin da bai dace ba.

Innarka ta gaya mini komai. Ta ce ka je gwajin makarantar badujala a Kano, an ɗauke ka, bayan Sallah ake shiga. Ta ce Sajen da ya gwada ku ya dubi leɓenka da faɗin ƙirjinka ya ce kai babban ƙaho za a ba ka, wanda suke kira tuba, ba ƙaramin nan mai kaifin murya da ka saba busawa a faretin makarantarku ba. Tun da ka dawo kuma ka ce ba za ka ba, gara ka biyo ni Ikko ka yi dako da ka tsaya a layin baya kana "bum, bum" kamar bijimi ya faɗa rijiya. Na ce mata, "Haka ya ce?" Ta ce, "Haka ya ce, Malam, har da kwaikwayon kukan bijimin. Ni dai na ce masa halin ubansa ne sak." Maganar ba ta yi mini daɗi ba, amma ban musa mata ba.

In ka bari ranar shiga ta wuce, gurbin ya zama na wani, kuma ba a kiran mutum sau biyu. Don haka ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka yanke.

Ka san da can ni makaɗi ne, amma ba ka san me nake kaɗawa ba, don ban taɓa son a tambaye ni ba. Kanzagi nake bugawa. 'Yar ƙaramar ganga ce da ake ratayawa a wuya, ana bin manyan gangunan noma da ita. Ina bayan Baba Tanko, wanda a zamaninsa ba a yin gayya a yankinmu ba a kira shi ba. Kai ƙarshen gayya ka tarar, ba ka ga ainihinta ba. Mai gona zai gayyaci majiya ƙarfi, a jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa da kunyarsa, hauyoyi su tashi tare su sauka tare, mu kuma muna biye da su a baya. Babbar ganga ita ke magana. Ta kira sunan mutum, ta kira na ubansa, ta zuga shi, in ta ga dama ta tsaya ta ja numfashi. Kanzagi ba ya magana. Abu ɗaya yake ta faɗi tun hantsi har azahar, a kansa ake ɗaga hauya, a kansa ake sauke ta. Ba wanda ya taɓa manna mini ko kwabo a goshi. Duk Baba Tanko ake yi wa.

Yakan ce mini, "Isa, kai ba makaɗi ba ne tukuna, kai turke ne. A jikinka muke ɗaure."

In ce, "Turke kuma, Baba? Na jaki ko na akuya?"

Ya ce, "Na duk wanda aka kawo. Buga, ka daina surutu."

Wata damina muna noman farko a wata gonar gero mai faɗi, rana ta ɗaga, sai ga 'yan mata sun kawo fura da ruwa sun tsaya a gindin ɗorawa. Innarka na cikinsu, lokacin ba ta ma san ina duniya ba. Na dube su, na ga duk idonsu na kan Baba Tanko da samarin da ke gaba. Sai na fara ƙara ado a kiɗan, in sa biyu inda ake sa ɗaya. Da na ga an waiwayo, sai na ƙara sauri. Samari suka biyo ni, don jininsu na tafasa. Manya suka tsaya a kan babbar ganga, don ita suka sani. Layi ɗaya ya zama yana bin kiɗa biyu. Wasu hauyoyin na sama, wasu na ƙasa. Ka san Ɗanladi mai ɗingishi, wanda ke sayar da rake a bakin masallaci? Ba da shi aka haife shi ba. Ya taka gaba a kan kiɗan Baba Tanko, ƙanensa da ke gefensa ya sauke hauya a kan kiɗana, ta same shi a ƙafa. Daminar nan bai sake shiga gona ba, maƙwabta ne suka noma masa.

Baba Tanko bai doke ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya zo ya cire kanzagin daga wuyana ya rataya wa wani, ya ce, "Bana kai ne mai ɗaukar ganguna. Ka riƙa tafiya kana saurare."

Nafi'u, a badujala ƙafar masu fareti ba ƙaramin ƙaho take bi ba. Shi waƙa yake yi, kunne ke bin sa. Ƙafa kuwa babbar ganga take bi da wannan "bum, bum" ɗin da kake yi wa dariya. In aka ba ka shi, an ba ka ƙafafun mutane ne. Ran da ka ji yarinya ta tsaya kallo, zuciyarka ta ce ka ƙara ado, ka tuna ba kai kaɗai ke takawa ba.

Ni dai ban ɗauki gangunan ba. Na ga abin ƙasƙanci ne, bayan shekarun da na yi ina bi. Na sayar da ragon da nake kiwo na sayi babbar ganga, na ce daga yau ni ma ubangidan kaina ne. Abin da ban sani ba shi ne, babbar ganga in ba ƙarama a ƙarƙashinta, duk lokacin da ta tsaya numfashi sai wurin ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Yaran da nake ɗauka su buga mini kanzagi kuwa kowa so yake ya taɓa babbar, kamar yadda na yi. Wata tsohuwa ta taɓa tsayar da ni a wurin suna ta ce, "Isa, gangar taka mura take yi ne, ko kai ne ba ka karya ba?" Aka yi ta dariya, har da ni, don ban ga abin yi ba.

Ba zan ɗora wa kaina abin da ba nawa ba. Ko da na zauna da Baba Tanko, gayya mutuwa za ta yi. Maganin feshi ya shigo, ciyawa ta daina buƙatar mutum talatin. Biki kuma aka koma fiyano da sifika, yaro ɗaya da janareta ya kori ƙungiya guda. Wannan ba laifina ba ne, kuma har yau yana ci mini rai. Amma waɗanda suka haƙura suka zauna sun koyi ganga a hannunsa har ƙarshe, wasu suna Kano ana kiransu biki har gobe. Ni na fita ban gama koyon komai ba. Ƙarama na raina ta, babba ban iya ta ba. Kada ka bar wuri don an ajiye ka ƙasa da inda kake so. In za ka bar shi, ka bari sai ka kwashe abin da ke cikinsa.

Yanzu bari in gaya maka aikin da nake yi, don ina jin kuna zaton gadi ne har yanzu. Gadin na yi shekara biyun farko. Daga baya aka ɗauke ni a wani babban zaure inda ake kiɗan Turawa, irin wanda mutum hamsin ko fiye ke zama su yi tare, kowa da takardarsa a gaba, mutum ɗaya ya tsaya da 'yar sanda yana nuna musu. Makaɗan duk 'yan ƙasar nan ne, sai jefi-jefi a kawo baƙo. Ni ne mai jera kujeru, mai ɗauko kayan kiɗa daga sito, mai shara in an tashi. Wato dai gangunan da na ƙi ɗauka a garinmu, na zo ina ɗaukar na wasu a garin da ba a san sunan ubana ba.

Makaɗan zauren nan gida huɗu ne, kuma ni da tsintsiya na fara gane su. Na gaba dangin goge ne, su suka fi yawa. Akwai ƙanana da ake ɗorawa a kafaɗa, da wanda ya ɗan fi su girma da kaurin murya, da wanda ake zama a sa tsakanin gwiwoyi, da kakansu wanda ya fi ni tsawo. Ƙarƙashin kujerunsu garin ƙaro nake sharewa da gashin izga da ya tsinke, daidai irin na masu gogen garinmu. Bayansu masu busa ne, dangin sarewa da algaita, su kuma ɓarɓashin kara suke bari, don kullum cikin fere bakin abin busarsu suke. Bayan waɗannan sai dangin tagulla, su ƙaramin ƙahon da kake so, da mai nannaɗe kamar katantanwa, da wanda ake ja ana turawa, da tuba. Su ruwa suke bari a ƙasa, tururin numfashinsu ne ke taruwa a ciki suna zubarwa, sai na bi da tsumma. Can ƙurya kuma ganguna da faya-fayan ƙarfe. Waɗannan ba sa barin komai a ƙasa, a bayana suke barin nasu.

Makona na farko na lura da wani abu da ya dame ni. Wanda ya fi kowa tsufa a ƙungiyar shi ne mai tuba, Baba Ojo, kansa fari fat, tsohon soja ne da ya zauna a barikokin Arewa har Hausa ta kama bakinsa. Shi aka jefa can baya kusa da bango, 'yan mata sa'o'in jikokinsa kuma suna gaba da ƙananan gogensu, dab da mai sanda. Na ce a raina mutanen nan ba su da ta ido. A garinmu ko tabarma aka shimfiɗa an san inda dattijo ke zama. Washegari da na zo jera kujeru, sai na ɗauko tasa na kawo ta sahun farko, a tsakiya, har na goge ta da hannun rigata. Ina ganin na yi abin kirki.

Da suka shigo aka tsaya ana kallon kujerar. Wata ta fara dariya, sauran suka kama. Baba Ojo ya zo da ƙahonsa a kafaɗa ya dube ni ya ce, "Aboki, wane ne ya kawo ni nan?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Na ga kai ne babba."

Ya ce, "Na gode. Amma kana so yaran nan su koma gida kurame? Tsaya nan."

Ya tsayar da ni inda na ajiye kujerar, ya cika ƙirji ya busa sau ɗaya. Na ji shi har cikin haƙorana. Ya ce, "Ka gani? In na zauna gaba, ba mai jin kowa sai ni. Ni ɗaya ne, su ashirin, amma in ban yi hankali ba na haɗiye su. Mayar da ni gidana."

Na mayar da kujerar ina jin kunya har kunnena. A ranar na gane zaman nasu ba na girma ba ne, na murya ne. Mai siririyar murya a sa shi gaba a tara masa 'yan'uwa, mai ƙarfin murya a kai shi baya don kada ya danne na gaba. Kai ma haka kake kallon abin, yadda na kalle shi. Ka ji an ce layin baya, ka ɗauka an ce kai ne na baya a daraja. Kafin ka ji haushin inda aka ajiye ka, ka fara tambayar dalilin da ya sa aka ajiye ka can.

Akwai ranar da cunkoson mota ya riƙe Baba Ojo, aka fara gwaji ba shi. Ina tsaye a bakin ƙofa da bokitina. Kowa yana yin nasa daidai, ba wanda ya yi kuskure, amma kiɗan sai na ji shi kamar ɗakin da aka yi wa rufi mai kyau ba a yi masa daɓe ba. Mai sanda, wata mata ce mai faɗa, ta yi ta juya kai, can ta ajiye sandar ta ce a sha ruwa a jira shi. Mutum hamsin suka zauna jiran tsoho ɗaya mai "bum, bum". Da ya shigo yana haki ba wanda ya tafa masa, ita ma hararar agogo ta yi. Amma ba a ci gaba ba sai da ya zauna.

Abubuwa biyu nake so ka koya tun kafin ka iya busa. Kafin makaɗan su fara kiɗa, mai wata 'yar siririyar algaita yakan busa sauti ɗaya, dogo, kowa ya yi shiru ya daidaita nasa da shi, har manyan da suka girme shi. Ba shugaba ba ne, muryar abin nasa ce ba ta yawo. Ka koyi yin shiru ka ji wani kafin ka sa bakinka. Sannan mai faya-fayan ƙarfe, yakan zauna kusan rabin kiɗan hannunsa a cinya. Da farko na ɗauka albashin banza yake ci, har na faɗa wa abokin aikina. Sai da na matsa kusa na ga leɓensa na motsi, ashe ƙirga yake, don in lokacinsa ya zo ya buga sau ɗaya, kuma in ya kuskure da ƙiftawar ido duk zauren zai sani. Jiran ma aiki ne. Da na san haka ina da shekarunka, da na ɗauki gangunan Baba Tanko damina ɗaya na huta.

Ba zan yi maka ƙarya don ka tafi ba. Tuba nauyi ne da shi, na sani don ni ke ɗaukarsa. Za ka yi fareti da shi a rana kafaɗarka ta yi kanta. In an tashi, mai ƙaramin ƙaho za a nuna da yatsa a ce ya iya, kai a tambaye ka ko kana wurin. Kuma ban sani ba ko Sajen nan da gaske leɓenka ya duba, ko kuwa ya rasa mai ɗauka ne ya ga ɗan ƙauye da ba shi da kowa a sama. Ana yin haka, na ga an yi. Ko ma wanne ne, ƙahon ba ruwansa da dalilin da ya sa aka ba ka shi. In ka iya shi, ka iya. Na ba Baba Ojo labarinka, ya yi dariya ya ce, "Gaya masa masu ƙaramin ƙaho sun fi sauro yawa, mu kuwa nemanmu ake." Ban san ko haka ne a ko'ina ba, na dai faɗa maka yadda ya faɗa. Ya ce kuma kullum da safe ka busa dogon sauti ɗaya har numfashinka ya ƙare, daga ciki ba daga maƙogwaro ba. Kada ka ci gyaɗa ka busa ba ka kurkure baki ba. Bakin ƙahon, wanda ake cirewa, kada ka ara wa kowa, ko amininka ne.

Maganar ka biyo ni nan kuwa, cire ta a ranka. Mu shida ne a ɗaki ɗaya. Shekara huɗu ina zauren nan ina jin kiɗa kullum, ba wanda ya taɓa tambayata ko na san yadda ake riƙe ganga. Sau ɗaya na kai yatsa na ɗan taɓa fatar wata babbar gangar tagulla don in ji muryarta, mai ita ya daka mini tsawa a gaban kowa kamar na taɓa masa abinci. Na kwana biyu ina jin zafin abin. Amma da gaskiyarsa, ya ɓata lokaci yana daidaita ta, kuma ba a ɗauke ni don in taɓa ba. Ka ga bambancin ke nan. Kai kujera ake ba ka a cikinsu, ko da ta bango ce. Ni jera ta nake in koma bakin ƙofa.

Kawunka zai ce maka kiɗa ba sana'ar mutumin kirki ba ce, ya gaya mini haka tun kafin a haife ka. Kada ka yi musu da shi, ka durƙusa ka yi masa sallama kamar yadda ya kamata. Amsar da za ka ba shi ita ce sallarka a kan lokaci, da bakinka da bai saba da abin da wasu makaɗa ke sha ba. Ka riƙa kiran Innarka ko ba ka da labari, muryar take so.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na abokin banza. Allah Ya haɗa ka da malamai masu tausayi, in kuma masu zafi ne Ya ba ka haƙurin zama da su har ka samu abin da ka je nema. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka fi ni. Ka gaida Innarka da ƙannenka, ka gaida duk wanda ya tambaye ni.

Ga abin da na iya tarawa, ba ƙari ba ragi. Akwai akuya biyu a hannun Innarka, waɗannan na ƙannenka ne, kada a taɓa. Akwai baƙin takalmi sau ciki da na saya a gwanjo, ya ɗan yi maka yawa, ka cusa takarda a gaba. Akwai bargo ɗaya. Sai kuɗin mota, wanda na ƙirga na sake ƙirgawa, na mutum ɗaya ne, tafiya ɗaya. Na tara shi ne don in zo gida Sallar nan. Yana cikin takalmin hagu, direban da ya kawo maka takardar nan zai ba ka.

Ni ne mahaifinka,
Isa